Dala 5,000 da kakanni mata: yadda wata unguwa a Niyuzilan ta maido da yaren Maori bakin yara

Unguwar, mai suna Wainuiomata, tana cikin wani kwari ne gabas da Wellington, babban birnin Niyuzilan, sai ka hau tudu ka gangaro sannan ka shige ta. Unguwar ma'aikata ce, bayan yaƙin duniya na biyu aka cika ta da gidaje masu sauƙin kuɗi, sababbin ma'aurata suka yi ta tarewa har aka riƙa yi mata laƙabi da kwarin nafkin saboda yawan jarirai. Cikin masu tarewar akwai Maori da yawa, wato ƴan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, sun baro ƙauyukansu sun zo aikin masana'antu da ke ƙasan tudun ta bakin teku, haɗa motoci ne, mayanka ce, da makamantansu. Aiki akwai, gida akwai, amma ya zuwa ƙarshen shekarun 1970 in ka shiga gidan Maori a unguwar abin da za ka tarar shi ne kaka tana jin yarenta tas, uwa tana ɗan tsinta nan da can, jika kuwa ko zo in kashe ka ba ya ji.

Asalin matsalar, 1867 zuwa 1975

Abin bai faro daga unguwar ba. Tun 1867 aka yi dokar makarantun ƴan ƙasa da ta ce karatu da Turanci za a yi, kuma duk da ma'aikatar ilimi daga baya ta ce ita ba ta taɓa rubuta umarnin a daki yaro don ya yi yarensa ba, dukan dai an yi shi, shekara da shekaru. Wani dattijo mai daraja a cikinsu, James Henare, ya ba da labari a gaban kwamitin Waitangi, mai sauraron ƙorafin Maori a kan gwamnati, cewa yana yaro shi da kansa aka tura daji ya yanko tsumagiyar da aka zane shi da ita, laifinsa kawai ya yi yaren Maori a harabar makaranta. Wanda ya sha irin wannan in ya girma ya haihu ba sai an ce masa kar ya koya wa ɗansa yaren ba, shi da kansa zai ga gata ne ya yi wa yaron in ya bar shi da Turanci.

Alƙaluman da aka gabatar wa kwamitin sun nuna yadda abin ya gangaro. A 1913 kashi 90 cikin ɗari na yaran Maori ƴan makaranta suna jin yaren. A 1953 ya koma kashi 26. A 1975 bai kai kashi 5 ba.

Sai kuma ƙaura. A 1945 wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na Maori ke zaune a birane, a 1966 sun haura kashi 60, kafin tsakiyar shekarun 1980 sun kusa 80. Kuma gwamnati da gangan take warwatsa gidajen Maori cikin na Turawa, gida ɗaya nan ɗaya can, wai don su saje. To a ƙauye ko makaranta ta hana ka yaren kana komawa gida ka ji shi a marae, wato dandalin taron dangi inda ake biki da makoki da shawara. A sabuwar unguwa maƙwabcinka na dama Bature na hagu Bature, rediyo Turanci, talabijin da ta iso a 1960 ita ma Turanci, wa za ka yi wa yaren?

Abubuwan da aka gwada kafin 1982

Ba zama aka yi aka naɗe hannu ba. Ƙungiyar jin daɗin matan Maori da aka kafa a 1951, Whina Cooper ce shugabarta ta farko, ta daɗe tana kiran a koyar da yaren a makarantu, amma ƙarfinta ya fi tafiya wajen gidaje da lafiyar mata da yara don su ne suka fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya a lokacin. A shekarun 1960 iyaye mata Maori sun buɗe wuraren wasan yara da su da kansu suke kula da su, abin ya karɓu na wani lokaci, kuma a nan mata da yawa suka koyi yadda ake tafiyar da wurin renon yara, sai dai da Turanci ake komai, don manufar ita ce a shirya yaro ya shiga firamare bai ji kunya ba. Yaren bai ƙaru da komai ba.

Ranar 14 ga Satumba 1972 matasa ƴan gwagwarmaya, Hana Te Hemara na gaba-gaba, suka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000 suna neman a sa yaren a makarantu. An samu ranar yaren Maori, a 1975 ta zama mako guda, sakandare da yawa suka fara koyar da shi a matsayin darasi. Amma darasi na ƴan awoyi a mako ga yaro ɗan shekara 13 wanda harshensa ya riga ya ƙage da Turanci, abin da yake fitowa da shi gaisuwa ce da ƙirga da waƙa ɗaya ko biyu.

Binciken da Richard Benton ya jagoranta daga 1973, gida-gida aka bi tsawon shekaru, shi ya tayar wa kowa da hankali. Waɗanda suka iya yaren sosai wajen mutum 70,000 ne, bai wuce kashi 18 zuwa 20 na Maori ba, kuma yawancinsu tsofaffi. Garuruwan da har lokacin yara ke tashi da yaren ƴan ƙalilan ne, irin su Ruatoki, inda aka buɗe makaranta mai harshe biyu ta farko a 1978. Unguwar da muke magana ba ta cikinsu ko kusa.

Akwai wani gwaji guda da ya yi amfani daga baya. A 1979 mata biyu, Katerina Mataira da Ngoi Pewhairangi, suka fara wata hanyar koya wa manya da ake kira Te Ataarangi. Ana zama a kewaye tebur da ƴan sanduna masu launi-launi, malama ta ɗaga ja ta faɗi sunansa, ta miƙa wa wata ta ce karɓi, ta ce ɗora kore a kan ja, babu Turanci babu littafin nahawu, kuma malamar ba sai ta yi makarantar horon malamai ba, ta iya yaren kawai. Wannan ya nuna tsohuwar da ba ta da satifiket za ta iya koyarwa. Amma manya yake kamawa, jarirai suna nan ana haifarsu cikin Turanci.

13 ga Afrilu 1982

A lokacin shugaban ma'aikatar harkokin Maori shi ne Kara Puketapu, ya zo da wani tsari da ake kira Tu Tangata wanda jigonsa shi ne ma'aikata ta daina yi wa mutane aiki daga ofis, ta ba su ɗan abin hannu su yi da kansu. Ya riƙa tara dattawa a Wellington duk shekara ana shawara, a taron 1981 magana ta tsaya a kan cewa in ana so yaren ya rayu to a kama yara tun suna goye, a haɗa su da tsofaffin da suka iya, a rufe ƙofa kar Turanci ya shigo. Aka sa wa abin suna kohanga reo, wato sheƙar harshe.

Unguwar nan ce ta fara. Ranar Talata 13 ga Afrilu 1982, bayan hutun Ista, aka karɓi yara 21. Mata biyu da sunansu ya fi fitowa a wannan aiki su ne Jean Puketapu da Iritana Tawhiwhirangi, ta biyun ma'aikaciyar ma'aikatar ce kuma ita ta yi ta yawo ƙasar daga baya tana zuga mutane. Ba a jima ba aka buɗe wasu huɗu, uku a kewayen Wellington ɗaya a Auckland.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Yaren Maori zalla daga shigowa har tashi. Dangin yaran, abin da suke kira whanau, su ke yanke shawara su ke riƙe kuɗi. A riƙe amana a lissafi. A kula da lafiyar yara. Shi ke nan.

In ka leƙa da safe abin da za ka gani shi ne an fara da addu'a, sai waƙa, sai tsofaffin mata zaune a kan tabarma ko katifa, wannan da jariri a cinya waccan tana ba wani abinci a baki tana yi masa surutu. Babu wani darasi na tsayuwa gaban allo. Ana canza nafkin da yaren, ana tsawatarwa da yaren, ana lallashi da yaren. Waɗanda suka fi shan wuya iyaye mata ne ƴan shekara ashirin da wani abu, don dokar ta hau kansu su ma, wadda ba ta iya ba sai dai ta yi shiru ta yi wanke-wanke ta kasa kunne, in Turanci ya matse ta ta fita waje. Da yawansu da yamma sai su wuce ajin sandunan nan don kar ɗansu ɗan shekara uku ya dawo gida da maganar da ba za su iya amsawa ba.

Abin da aka ba su, da abin da suka kawo, 1982 zuwa 1989

Tallafin da ma'aikatar ke ba kowace sabuwar kohanga na kafawa dalar Niyuzilan 5,000 ne. Ko albashin ma'aikaci ɗaya na shekara bai kai ba. Kuɗin fara aiki ne, a ɗan gyara wuri, a sayi katifu da kayan girki da abin ɗumama ɗaki don ƙasar akwai sanyi. Gini ba a gina musu ba, duk inda aka samu nan ake yi, ɗakin taro na marae, zauren coci, garejin mota, falon wata, ajin da makaranta ba ta amfani da shi. Duk wanda ya san yadda makarantar allo ke farawa a zauren malam ba tare da an jira izinin kowa ba zai gane yanayin.

Sauran kuwa mata ne suka cike. Tsofaffin yawanci kyauta suke yi ko a ba su ɗan na goro. Wasu matasan an biya su ta shirye-shiryen rage zaman banza da gwamnati ke yi a lokacin, don ma'aikatar ta iya lanƙwasa waɗannan shirye-shiryen ta sa kohanga ta zama wurin koyon aiki. Iyaye suna biyan ɗan kuɗin mako, wanda ba shi da shi ya kawo abinci ko ya zo ya yi aikin ƙarfi. In kuɗi ya yanke sai a yi hangi a sayar, wato a haƙa rami a gasa duwatsu su yi ja, a jera nama da dankali da kabewa a kwanduna a rufe da jiƙaƙƙun buhuna da ƙasa, bayan awoyi a tone a zuba a kwano-kwano a bi gidaje da wuraren aiki.

Kuma lokacin ba na wadata ba ne. Masana'antun ƙasan tudun da suka ja mutane zuwa unguwar sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1980, daga 1984 gwamnati ta shiga sauye-sauyen tattalin arziki da suka kori dubban ma'aikata, kuma Maori suka fi jin jiki.

Duk da haka abin ya bazu fiye da yadda ma'aikatar ta yi zato. A 1985 kohanga sun kai 416 da yara sama da 6,000. Ba gwamnati ke zaɓar inda za a buɗe ba, mata ne za su je su ga ta wata unguwa su dawo su ce mu ma muna da kaka biyu da gareji. An kafa hukumar amintattu ta ƙasa da ke tsakanin su da gwamnati. Har Hawai labarin ya kai, a 1984 suka buɗe irin tasu mai suna Punana Leo.

Don a san irin ƙasar da ake wannan aiki a cikinta, a 1984 ɗin nan wata ma'aikaciyar wayar tarho, Naida Glavish, ta shiga matsala da shugabanninta don kawai tana gaishe da masu kira da gaisuwar Maori, wato "kia ora", sai da maganar ta zama ta ƙasa baki ɗaya har firaminista ya sa baki.

Matsala ta farko da ta taso ita ce firamare. Yaro ya shekara biyar ya fito da yaren a baki, ya shiga ajin da malama ba ta jin ko kalma, cikin ƴan watanni sai ka ga ya fara jin nauyin yi. Iyayen ba su koma gefe suna kuka ba, a 1985 aka buɗe firamare ta farko ta Maori zalla a marae na Hoani Waititi a yammacin Auckland, irin su ake kira kura kaupapa, kuma sai 1989 doka ta amince da su. A 1986 kwamitin Waitangi, mai sauraron ƙorafin saɓa yarjejeniyar 1840 tsakanin sarakunan Maori da masarautar Ingila, ya ce yaren dukiya ce da yarjejeniyar ta wajabta wa gwamnati karewa. A 1987 ya zama harshen hukuma.

1990: kuɗi ya ƙaru, takardu suka biyo

A 1989 aka rushe ma'aikatar harkokin Maori. A 1990 aka miƙa kohanga ga ma'aikatar ilimi, aka sa su layi ɗaya da duk wuraren renon yara na ƙasar. Kuɗi ya ƙaru sosai, yanzu ana biya ne bisa yawan yara da awoyin da suka yi, ba a cewa sau ɗaya ne shi ke nan. Amma sai da lasisi. Lasisi kuma yana nufin faɗin ɗaki kaza ga kowane yaro, banɗaki kaza, shinge, wurin barci na musamman, manya kaza ga yara kaza, rajista, da masu duba makarantu da za su zo su rubuta rahoto. Gareji da falo ba za su ci wannan jarrabawa ba, wasu marae ma ba su ci ba. Waɗanda suka iya suka ci bashi suka gyara ko suka gina, waɗanda ba su iya ba suka rufe.

Da farko alƙaluma ba su nuna wata illa ba, hasali ma hawa suka ci gaba da yi. A 1993 kohanga sun haura 800, yara sama da 14,000, kusan rabin duk yaran Maori da ke zuwa wani wurin reno. Daga nan ne aka fara gangara.

Dalilan sun haɗu ne. Rashin aikin yi tsakanin Maori ya kai wajen kashi 25 a 1992, a 1991 an zaftare kuɗin tallafin marasa ƙarfi, daga baya da aiki ya fara samuwa iyaye mata suka fita nema, wadda take wuni a kohanga kyauta yanzu tana buƙatar inda za ta ajiye yaro tun safe har yamma ta wuce aiki, ba inda za a ce mata ranar Laraba ke ce da girki ba. Tsofaffin da suka tashi da yaren suna ta rasuwa. Sannan ga maganar satifiket. Hukumar kohanga tana da nata horon na shekara uku mai suna Whakapakari, amma gwamnati ba ta ɗauke shi daidai da takardar malanta ba. A 2002 aka fito da shirin shekara goma mai burin duk masu renon yara su zama malamai masu rajista, a 2005 aka raba kuɗi gida biyu, wuraren da malamai ke jagoranta suna samun mai tsoka, waɗanda iyaye ke jagoranta suna samun ƙasa da haka, kohanga kuwa aka jefa ta rukuni na biyu. Wato matar da ta fi kowa iya yaren a unguwa, a takardar biyan kuɗi ita ba ƙwararriya ba ce. Matasan da suka iya yaren kuma suke da takarda sai suka riƙa tafiya inda albashi ya fi.

An yi ƙoƙarin sulhu. A 2001 wani kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙali Rodney Gallen ya duba dangantakar, a 2003 aka sa hannu a yarjejeniya tsakanin hukumar kohanga da ma'aikatar ilimi da ma'aikatar ci gaban Maori. Gangarar ba ta tsaya ba.

2011 zuwa 2020: ƙara, hukunci, da abin kunya

Ya zuwa 2011 kohanga sun koma ƙasa da 500, yara ƙasa da 10,000. A shekarar wani kwamitin gwamnati kan renon yara ya fitar da rahoton da ya soki ingancinsu, su kuma suka ce ba a ko tuntuɓe su ba, a watan Yuli suka shigar da ƙarar gaggawa gaban kwamitin Waitangi. A Oktoba 2012 rahoton ya fito, sunansa Matua Rautia. Ya ce gwamnati ta saɓa yarjejeniya, ta cusa kohanga cikin tsarin da ba don ita aka yi ba, ta kasa gane cewa aikinta raya harshe ne da dangi ba ajiye yara kawai ba, ya ba da shawarar a yi mata tsarin kuɗi da na dokoki da ya dace da ita, a kuma gyara gine-ginen da suka lalace.

Shawarar kwamitin ba dole ba ce a kan gwamnati, sai aka yi ta jan ƙafa. A 2013 kuma gidan talabijin na Maori da kansa ya bankaɗo yadda ake kashe kuɗi da katin banki a wani kamfani mallakar hukumar kohanga ta ƙasa. Hukumar binciken manyan zamba ta duba ta ce ba ta ga laifin da za a kai kotu ba, amma sunan ya riga ya ɓaci, tattaunawa da gwamnati ta ƙara tsayawa, matan unguwanni da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su suka ci gaba da aiki a ɗakuna masu yoyo. Sai a kasafin 2019 aka ware dala miliyan 32, a na 2020 kusan miliyan 200 na tsawon shekaru, yawanci don albashi da gyaran gini.

Inda aka kwana

Kohangar unguwar nan ba ta cikin waɗanda suka rufe, a 2022 ta cika shekara 40. A faɗin ƙasar adadin ya tsaya a ɗari huɗu da wani abu, bai koma na 1993 ba. Ƙidayar 2018 ta samu mutum 185,955 da suka ce za su iya hira da yaren Maori, ta 2023 ta samu 213,849. A yawan jama'ar ƙasa kashi 4 ne da ɗan ɗoriya, kuma har yanzu mafi yawan yaran Maori makarantun Turanci suke zuwa. Abin da ya canza shi ne shekarun masu yin yaren, a lokacin Benton tsofaffi ne, yanzu akwai lauyoyi da ƴan jarida da likitoci da suka tashi da shi. Waccan ƴar majalisar da bidiyonta ya zagaye wayoyi a Nuwamba 2024 tana yaga takardar ƙudiri tana jagorantar rawar kirarin Maori da suke kira "haka" a zauren majalisa, Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, wadda aka zaɓa a 2023 tana da shekara 21, da bakinta take kiran kanta ƴar zamanin kohanga reo. Iritana Tawhiwhirangi ta rasu a farkon 2025.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina dala 5,000 ɗin nan ba ita ta koya wa kowa yare ba, kuma kuskure ne a ɗauki labarin a ce ai ƙaramin kuɗi ya fi babba albarka. Abin da ake buƙata yana nan zube a unguwar tun kafin kuɗin, ga tsofaffi masu yaren da ba su da wanda za su yi wa, ga jarirai, ga iyaye mata da suka riga suka san renon haɗin gwiwa tun shekarun 1960. Abin da ya rage ɗaki ne mai ɗumi da katifa da kuma wani daga hukuma ya ce ku yi, ba laifi ba ne. Wannan na ƙarshen ma ina jin ya fi kuɗin nauyi, ga matar da aka daka a makaranta saboda yaren, a ce yau gwamnati ce ta sa hannu a takarda tana neman ta zo ta yi shi.

Ƙanƙantar kuɗin ta yi amfani ta wata fuska. Da yake bai isa ya ɗauki ma'aikata ba, dole kowa ya shigo, da kowa ya shigo sai yaren ya bi iyaye har gida, wanda darasin sakandare bai taɓa yi ba. Da yake kuma ba shi da yawa ba wanda ya damu ya kafa masa sharuɗɗa ashirin, shi ya sa aka iya buɗe ɗaruruwa cikin shekara uku. Amma kar a manta wa ya biya cikon. Mata ne, yawancinsu talakawa, da lokacinsu da ƙarfinsu, shekara takwas. Wannan ba abin da zai ɗore ba ne ko da 1990 ba ta zo ba, don tsohuwa tana gajiya, uwa kuma tana da haya a kanta. Masu cewa da an bar su yadda suke da komai lafiya, ban yarda da su ba.

Haka nan sharuɗɗan 1990 ba duka ne sharri ba, ba wanda zai ce kar a yi shinge inda yara ke wasa kusa da titi ko kar a duba lissafi, abin da ya faru a 2013 ma ya nuna duba lissafin yana da amfani har a sama. Inda aka yi ɓarna shi ne ma'aunin ƙwarewa. An ɗauko ma'aunin da aka yi don wuraren renon Turanci aka auna wurin da duk jarinsa harshe ne, ma'aunin kuma ba shi da gurbin harshe, sai kuɗi ya bi takarda ya bar mai yaren. Da tun 1990 aka ce iya yaren da horon Whakapakari suna daidai da takardar malanta wajen biya, aka kuma ba da kuɗin gyaran gini kafin a nemi lasisi ba bayan an nema ba, da wuya a yi asarar kohanga sama da 300.

Wanda zai kwaikwayi wannan a yau, ko a can ko a wani wuri, sai ya fara duba ko abin da ƙaramin tallafin zai buɗe yana nan. A unguwar nan a 1982 yana nan. Yanzu tsofaffin da suka tashi da yaren tun daga ƙauye saura ƙalilan, masu riƙe da kohanga su ne waɗanda aka rena a cikinta ko suka koya da girma, kuma su sai an horar da su shekara uku an biya su albashin da zai hana firamare da gidan talabijin da ofisoshin gwamnati ɗauke su, don duk waɗannan yanzu masu jin yaren suke nema.